Rariya a Gindin Tukunya

Wata huɗu bayan mun binne Baba a cikin gonar ayaba, kusa da kabarin Mama, ƙaninsa Elisante ya shigo tsakar gida yana duban rufin ɗaki kamar mai tayin saye.

"Aichi, yaushe za ki koma Arusha?"

"Shikamoo, Baba Ƙarami. Yau ba a gaisawa ne?"

"Marahaba. Na ce yaushe za ki koma?"

Na ce ba zan koma ba. Shekara biyu ke nan da na ajiye aikina a kamfanin matse lemo na dawo jinyar Baba. Ni na juya shi, ni na wanke shi, ni na rufe masa ido. A cikin 'ya'yan da aka haifa a gidan nan ni kaɗai na rayu. Shi kuwa Baba Ƙarami 'ya'yansa maza uku ne, gonarsa ɗaya, na tsakiyar kuma aure yake nema. Ba sai ya faɗa mini abin da ya kawo shi ba.

"Gona ta namiji ce, ke ma kin sani," in ji shi. "In kina da magana ki kira dattawa. Sai dai dattawa ba sa zama da busasshen baki, kuma ba ta kanti za ki sayo musu ba. Giyar mbege ta gidan da ya yi kira ake sha, daga ayabar gidan. In wata ya ƙare ba ki kira ba, ni zan kira su a nawa gidan."

Ya san abin da yake yi. A zuriyarmu mai gidan da aka sha giyarsa shi ke fara magana, a tsaye, a tsakiyar fili. In a gidansa aka zauna, wurina bakin murhu ne tare da mata, sai dai in ji hukunci ta bayan danga.

Na aika wa Mzee Urasa, babban dattijon zuriya, cewa Asabar ta ƙarshen wata ina kira. Sannan na shiga ɗakin ajiya na tarar da abin da na riga na sani. Gangunan katako biyu da Mama ke tsima giya a ciki, da kwamin tacewa, da babbar tukunyar dafa ayaba, duk an raba su ranar rabon kayan mamaciya. Ina makaranta a Morogoro a lokacin, ban ma tambaya ba. Me zan yi da ganga, ni da nake karatun sarrafa abinci?

Gida biyar na shiga neman aro. A na farko gangar ta tsage. A na biyu an ba wa wata surukuwa. A na uku matar gidan ta ga tahowata ta shige bayan garken shanu ba ta fito ba. Gwaggo Ndeonasia, yayar Baba, wadda kwamin Mama ke jingine a bayan ɗakinta ina ganinsa da idona, ita ce ba ta yi mini ƙarya ba.

"Ba zan ba ki ba, 'yar ƙanena. Elisante ne ke kai ni asibiti. Ke da kika yi boko, ai sai ki tace da satifiket."

"To, Gwaggo. Ba na ma bukatar ciyawar da kuke tace giya da ita. Abincin shanu ne, ba za ta shiga giyata ba."

Ta dube ni ta yi dariya har ta tari. Na juya na fita, wuyana a miƙe.

Washegari na hau daladala, motar haya, na gangara daga ƙauyenmu na kan dutse zuwa garin Moshi. A layin masu tukwane na tsaya gaban rumfar wani ƙaton mutum mai suna Kileo, yana cin gyaɗa yana watsa ɓawon a cikin murfin wata tukunyar sayarwa.

"Dada, biki ne ko rasuwa? Ina da tukunyar kowanne."

"Mbege zan yi. Ta mutum ashirin."

"Ke?" Ya dubi takalmana, ya dubi tabarau ɗina. "To, ga durom can, an yanke shi, an wanke. Duk matan dutse shi suke ɗauka."

Na sa kai a ciki na shinshina. "Man inji ya zauna a nan."

"Shekara nawa da wucewa! Yana ƙara wa giya ƙarfi ne. Kakana da ita ya kai tamanin."

"Da bai sha ba da ya kai ɗari."

Ya yi dariya ya jawo wata mai ƙyalli, irin wadda aka shafe da tutiya. Na ce masa tsamin ayaba zai cinye shafen nan cikin kwana uku, dattawa su kwana suna zarya bayan gida, a ce na sa musu wani abu. Ya jawo ta alminiyam. Na ƙwanƙwasa gindinta da yatsa, ta amsa kamar gwangwanin madara. Ayaba awa shida take kan wuta. Gindi mai sirantaka haka kafin ta yi ja ta kama, in kuwa ta kama, ƙaurin ba ya fita har ƙwarya ta ƙarshe.

"Dada, miji kike zaɓe ko tukunya?"

"Miji ai ana iya sauya shi kafin Asabar."

A can ƙurya, ƙarƙashin tarin murafe, na hango wata doguwa ta farin ƙarfe marar tsatsa, ta taɓa aiki a wurin tara madara. Gefenta ya lotsa a wuri biyu. Na fito da ɗan maganaɗisun da na ciro daga tsohuwar rediyon Baba na manna mata, ya zame ya faɗi ƙasa, alamar marar tsatsar ce ta gaske. Na kifa ta na duba gindin, kauri kamar tafin hannu. Lita ɗari da ashirin. Tunda ba ni da ganga ba ni da kwami, ita kaɗai za ta yi mini aikin uku: dahuwa, tsimi da tata. Muka yi ciniki har gyaɗarsa ta ƙare. Abin da na tara a Arusha, wanda jinya ta rage, kusan duka na bar shi a rumfar nan.

Daga nan na mirgina ta zuwa wurin wani mai walda a bayan tasha. Na zana masa abin da nake so a bayan takardar magani: famfo a can ƙasa, sai faifan ƙarfe daidai faɗin cikin tukunyar, mai ƙafa uku gajeru, ya zauna da tazarar yatsu uku daga gindi. Tuƙa ta tsaya a kansa, ruwa ya wuce ƙasa ya fita ta famfo. Irinsa muke da shi a kamfani.

Ya jera mini faifai uku. Ɗaya ragar waya ce, na ƙi, nauyin ayaba zai lanƙwasa ta. Ɗaya hudojinsa ɗan yatsa na shiga. Na uku hudojinsa ƙanana, kamar na rariyar tankaɗe.

"Ɗauki mai manyan, dada, ki shimfiɗa ciyawa a kai. Haka uwata ke yi a kwami."

"Mai ƙananan nake so. Ba na sa ciyawa."

"Ayaba ba lemo ba ce fa."

"Na karanta ayaba shekara uku."

"To, Allah ya sa ita ma ta karanta ki."

Daladala ta sauke ni a ƙarshen kwalta. Daga nan hawa ne, tafiyar awa guda. Na ɗaura tukunyar a baya da igiyar shanu, faifan yana kaɗawa a ciki, ƙwaram, ƙwaram, duk takun da na yi. Ba gidan da bai ji wucewata ba. Mata suka fito bakin danga.

"Malama ta sayo ƙararrawar coci!"

"A'a, jirgi ne. Da shi za ta koma Arusha."

Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, kowacce da sunan ɗanta, ban tsaya ba. Igiyar ta yanke mini kafaɗa. Ban sauke ba sai a tsakar gidanmu, inda ba mai gani.

Ayaba aƙalla tawa ce. Na sare nono tara, na rataye su a saman murhu hayaƙi ya nunar da su. Tambar da na jiƙa ta tsiro, na shanya, na niƙa a dutsen Mama, don mai injin ƙauye surukin Baba Ƙarami ne. Aikin ɓare ayaba na mata shida ne, ana hira ana waƙa, ana gulmar wadda ba ta zo ba. Ni na yi shi ni kaɗai daga fitowar rana har ta take tsaka. Danƙon ya baƙanta mini hannu har gwiwa. Sautin da ke gidan kawai na ɓawo ne yana faɗawa kwando, da ruwan da ke bin magudanar bayan gida.

Na dafa ta awa shida ina juyawa da muciya. Gindin bai kama ba. Ta tashi daga fari zuwa ruwan ƙasa, daga nan zuwa ja mai duhu, ƙamshin ya cika gona. Na san ya kai gidan Gwaggo. Na bar ta ta huce, na kwashe, na kwantar da faifan, na mayar, na rufe da ganyen ayaba. Sanyin dutse ya yi yawa a watan, ƙarfe kuma ba ya riƙe ɗumi kamar katako, don haka na naɗe tukunyar da bargon Baba da rigar sanyinsa. Ni na koma rufa da zannuwa.

Kwana biyar ina zaune da ita. Ba wanda ya leƙo. Ranar Lahadi a coci bencin da na zauna ya kasance da faɗi, matar da ke kusa da ni ta tuna tana da magana da wata a baya. Na rera waƙa da ƙarfi fiye da kowa. Da na dawo na sa kunne a jikin tukunyar na ji tana ƙananan ƙunƙuni a ciki, na ce mata, "Sannu da aiki." Sai da na faɗa na lura tun Laraba ban yi wa kowa doguwar magana ba.

Ranar Alhamis da safe na zuba ruwa, na gauraya, na ajiye bokiti a ƙarƙashin famfo, na murɗa.

Ya zubo kamar cikin kofi biyu, ja, garau. Sannan ya koma ɗigo. Sannan ya tsaya.

Na jijjiga tukunyar. Na hura famfon da baki. Na zura muciya na kankare saman faifan, ya ɗan tsiyayo ya sake tsayawa. Na tuɓe riga na zura hannu har kafaɗa na shafa. Ayabar ta zama kamar ƙullu mai yauƙi, ta liƙe kowace huda, ta yi laushi kamar fatar ciki. A kamfani inji ne ke tura lemo da ƙarfi. A nan ba abin da ke tura komai sai nauyin kansa. Na karanta wannan, har jarrabawa na ci a kai. Amma ranar da nake gaban mai walda ba littafi nake tunawa ba, dariyar Gwaggo nake ji.

Na zauna a ƙasa, hannuna yana ɗiga. Jibi ne Asabar. Gobe da yamma dole ruwan ya haɗu da kunun tamba, in ba haka ba dattawa su tarar da ruwan zaƙi. Ban yi kuka ba. Na daɗe dai a zaune, har kaza ta zo ta tsattsagi abin da ya zuba a ƙafata.

Ciyawar tata ba ta fitowa a gonar ayaba. Tana can gangaren da ke bayan coci, kuma hanya ɗaya ce, ta tsakiyar ƙauye, ta gaban ƙofar Gwaggo. Zan iya jira gari ya yi duhu. Na yi tunanin haka, na ji kunyar tunanin ta fi kunyar ciyawar. Na ɗauki lauje da rana tsaka na fita.

Na yanka dami guda, na ɗora a ka. A dawowa na tarar da su su huɗu a ƙofar Gwaggo suna tsinar wake.

"Ikon Allah! Aichi, saniya kika saya?"

"A'a, Mama Anaeli. Rariyata ce ta toshe. Tacewa zan yi."

Ba su zaci zan faɗa ba. Dariyar ta ɗan makara, sannan ta zo gaba ɗaya.

"Ta ƙarfen? Ta Turawan?"

"Ita fa."

"Ashe satifiket ma yana cin ciyawa!"

"Yana ci, Mama. Yau da yunwa ya tashi."

Gwaggo ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ɗago kai daga waken ba. Sai da na gota ta na ji ta ce, kamar da tiren take magana, "Wasu a jere suke shimfiɗawa. A gicciye ake yi, hawa uku." Ban juya ba, ita ma ba ta ƙara ba.

Na kwashe lita ɗari da ƙwarya, cikin bokitai, da bahon wanki, da tukunyar miya, da duk abin da ke da baki a gidan. Na ciro faifan na wanke, na ɗauki ƙusa da guduma na faɗaɗa hudojin ɗaya bayan ɗaya. Na daina ƙirgawa da babban yatsana ya fashe. Na wanke ciyawar da ruwan zafi, na mayar da faifan, na shimfiɗa ta a kai a gicciye, hawa uku, na danne da duwatsun rafi. Sannan na riƙa zuba ayabar a hankali, ƙwarya ƙwarya. Bayana ya ƙage. Rana tana faɗawa bayan itatuwa na murɗa famfon.

Ya zubo. Siriri ne, kaurin fensir, amma bai tsaya ba. Faifan ya ɗauke nauyin, ciyawar ta riƙe yauƙin. Na tsaya riƙe da bokiti ina kallo, ba wanda zan ce wa ya zo ya gani.

Juma'a na dama kunun tamba da ɓawon itace mai ɗaci, na bar shi ya huce, na wanke tukunyar na haɗa su a ciki. Asabar da sassafe na ɗaga ganyen. Kumfa ta taso, tamba tana yawo a sama, ƙamshin ya doki hancina. Na ɗanɗana. Ban san ko ta kai ta Mama ba, don ban taɓa kula da ta Mama ba.

Na share fili. Na jera kujeru da kututture ashirin, na wanke ƙoƙuna na kife. Hantsi ya yi, ba kowa. Rana ta take tsaka, ba kowa. Mbege ba ta jira. Awa kaɗan ne tsakanin daɗinta da tsaminta, kuma Baba Ƙarami ya fi ni sanin haka. Na ji daga baya cewa ya tsayar da su a hanya wai su duba masa wata saniya marar lafiya. Na jiƙa buhu na lulluɓe tukunyar, na jawo ta inuwa, ina sake jiƙawa. Na zauna a kujera ɗaya cikin ashirin ɗin, hannuwana a cinya, ina kallon ƙofa.

Sai da rana ta karkata suka shigo, su goma sha ɗaya, Mzee Urasa a gaba da sandarsa. Na durƙusa na gaishe su. Na murɗa famfo na cika babbar ƙwarya na miƙa masa da hannu biyu.

"Giya daga famfo," in ji wani. "Saura mu ga nono daga rediyo."

Mzee ya tsiyaya kaɗan a ƙasa wajen kaburbura, ya kira sunan Baba da na kakana. Ya hure tambar da ke sama, ya kurɓa. Ya riƙe a baki. Ya haɗiye, ya sake kurɓa, mai tsawo.

"Wa ya taya ki?"

"Ba kowa, Kaka."

"Ayabar ina ce?"

"Ta bayan ɗakin nan."

Ya miƙa wa na kusa da shi. Ƙwarya ta zaga har ta kai hannun Baba Ƙarami. Ya dube ta, ya dubi mutane. Wanda ya ƙi sha ya fita daga zaman, maganarsa ba ta da wuri. Ya sha.

"To, mai gida," in ji Mzee, "muna jin ki."

Na miƙe a tsakiyar fili. Ban kawo maganar dokar gwamnati kan gadon mata ba, ko da yake na san ta, kuma sun san na sani. Na faɗi shekara biyun. Na nuna ayabar da na dasa bayan Baba ya kwanta, da magudanar da na gyara. Na ce iyayena suna kwance a nan, kuma ni zan share musu ciyawa. Baba Ƙarami ya yi tasa, doguwa, da sunayen kakanni bakwai. Suka kore mu gefe suka yi shawara, ƙwarya tana zagawa, ana ta komawa famfo.

Da suka kira mu, Mzee ya ce gona ba ta fita daga zuriya. Zan zauna a cikinta, in noma, in ci, muddin raina, ba mai tayar da ni. Amma ba zan sayar ba, ba zan gadar ba. Ranar da na kawo miji ya kwana a gidan nan, ko na bi shi nasa, ranar gona ta koma hannun 'ya'yan Elisante.

"Kin ji, jikata? Shekarunki ashirin da bakwai. Ki yi tunani kafin ki amsa."

Baba Ƙarami yana murmushi. A ganinsa ba zan kai shekara biyu ban yi aure ba.

"Na ji, Kaka. Na karɓa."

"Ba za ki ce kin gode ba?" in ji Baba Ƙarami.

"Na gode wa waɗanda suka sha, Baba Ƙarami. Har da kai, ƙwarya huɗu."

Dattawa suka fashe da dariya, Mzee yana buga sanda a ƙasa. Suka zauna har famfon ya koma ɗigo, sannan suka tashi ɗaya bayan ɗaya, suna riƙe juna a gangaren. Muryoyinsu suka yi nisa, suka ɓace a cikin ayaba.

Na tattara ƙoƙuna. Na shigar da kujeru biyu biyu. Akwai sauran mbege kaɗan a can ƙarƙashin faifan, inda famfo ba ya kaiwa. Na karkata tukunyar na tsiyaye ta a ƙoƙo, rabi ya cika. Na zauna a bakin ƙofar ɗakina na shanye. Ta fara tsami.